Samarin Nima Biyar Da Karensu

 

A watan jiya mun yi alkawarin ci gaba da zancen yaran da ke fashin makaranta ranar Laraba domin taya iyayensu ciniki a kasuwar Nima. To, a yi mana afuwa, zancen zai jira wata mai zuwa in Allah Ya kai mu, saboda wani abu da ya faru a ajinmu wanda ya hana mu sukuni kwana da kwanaki.

Muna cikin darasi ne da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, waɗanda jarrabawar BECE ke gabansu, sai muka hango wani yaro can a bencin baya ya duƙufa yana rubutu kamar wanda ake yi wa shifta, alhali kuwa ba mu ce kowa ya rubuta komai ba. Muka lallaɓa muka ɗauke littafin. A bango an rubuta lissafi, amma daga tsakiya zuwa ƙarshe babu lamba ko ɗaya, sai baitocin waƙa shafi bayan shafi. Da Hausa ya rubuta yawancinsu, sai dai Hausa ce da ƙa'idar rubutun Turanci: inda za a sa "c" ya sa "ch", inda za a sa "u" ya sa "oo", ƙugiya kuwa ko guda babu, har sai da muka karanta da ƙarfi a ɗakin malamai kafin muka gane abin da yake faɗi. Muka ce gobe ya zo da mahaifinsa.

Washegari dattijon ya iso, ko zama bai yi ba ya ce, "Ticha, gara da ka kira ni. Yaron nan ya ce da zarar ya gama jarrabawa ya gama boko, wai situdiyo zai tafi. Ka yi masa magana, ni bakina ya gaji. Mu a zuriyarmu ba a taɓa yin maroƙi ba." Muka ce, "Baba Alhaji, a yi haƙuri a zauna tukuna, mu ji ta bakinsa." Yaron ya sunkuyar da kai, can ya ce a hankali, "Sa, ai VIP ma 'yan unguwar nan ne."

Da muka tambaye shi su nawa ne suka fara VIP, kuma shekara nawa suka yi kafin kowa ya san da su, sai ya yi shiru. Muka juya ga uban, shi ma iyakar saninsa wasu 'yan kiɗa ne masu toshe hanya da Sallah. Ga mutum biyu suna jayayya a kan abin da babu wanda ya san tarihinsa a cikinsu. Shi ya sa muka ga ya dace mu shimfiɗa tarihin a wannan fili, domin mun tabbata ba wannan gida kaɗai ne ake irin wannan gardama ba.

Amma kafin nan, bari mu tona wa kanmu asiri. A 1998 mu ne a bencin baya. Muna sakandare, kaset ɗin VIP na farko yana cikin aljihunmu, wani malaminmu ya kama shi ya ƙwace, ya kuma ce a gaban aji duk mai sauraron wannan shirme ƙarshensa yaron mota ne a tashar trotro. Yau ga shi mu ne riƙe da alli, mu ne masu ƙwace littafi. Duniya juyi-juyi.

Wanda bai san yadda ake kallon Nima a wancan zamani ba, ba zai gane girman abin da samarin nan suka yi ba. Unguwar ta faro ne a shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya samu izinin zama daga masu ƙasar, wato iyalin Odoi Kwao. Bayan yaƙin duniya na biyu ta cika maƙil da Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Kotokoli da Wangarawa da Dagombawa, har da 'yan kudu, Hausa kuma ta zama harshen da kowa ke ciniki da faɗa da sulhu da shi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Gidaje da yawa a zangunanmu suka watse, waɗanda suka rage kuma tabon "baƙo" ya bi su har kan 'ya'yansu da aka binne cibiyarsu a nan. A lokacin da muke tasowa, in ka je neman aiki ka ce daga Nima kake, sai ka ga fuskar mai ɗauka ta canja. Mun san samari da yawa da in an tambaye su sai su ce Kanda ko New Town. Mai tasi kuwa da dare yakan gaya maka ƙiri-ƙiri cewa shi ba ya wuce randabawul.

Ta fuskar kiɗa ma ƙasar baki ɗaya ta sha wuya. Dokar hana fita da dare ta farkon shekarun 1980, zamanin PNDC, ta kashe gidajen rawa inda makaɗan hailaif ke samun abinci, da yawansu suka tsallaka Najeriya da Jamus da Ingila. Kayan kiɗa suka yi tsada saboda haraji, sannan gyaran tsarin ilimi na 1987 ya cusa darasin kiɗa cikin darasin al'adu, ya zama ɗan rakiya. Saboda haka yaron da ya taso a lungunanmu a lokacin yakan girma bai taɓa riƙe jita ba. Mun taɓa karanta tarihin wasu samarin Kalifoniya ta ƙasar Amurka masu suna Green Day, masu irin kiɗan jitar nan mai sauri da hayaniya da ake kira pank, waɗanda kundinsu Dookie na 1994 ya sayu miliyoyi. Su ma 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne a ma'aunin ƙasarsu, to amma talakan can yana da jita da ganguna da ɗakin da zai yi atisaye. Namu abin da suke da shi baki ne, da bencin da za a daka da tafin hannu, da kaset-kaset na gambarar zamani ta baƙaƙen Amurka, wadda 'yan'uwa mazauna Bronx ke aikowa tare da takalma da huluna. A wuraren zaman samarin nan da muke kira bes, ana dafa ataya ana kwaikwayon abin da aka ji, kowa yana tauna Turancin da shi kansa bai gane rabinsa ba.

Ana cikin haka Reggie Rockstone ya dawo gida daga Ingila, ya nuna cewa wannan gambara tana yiwuwa da harshen Twi, aka sa wa abin suna hiplaif. Kundinsa Makaa Maka ya fito a 1997. A tsakanin nan kuma aka buɗe wa gidajen rediyo masu zaman kansu ƙofa, Joy FM ta fara aiki a 1995, wasu suka biyo baya, kowace tasha tana neman sabon abin da za ta riƙe samari da shi. Ashe idan Twi ya shiga, Hausa ma za ta shiga.

Wanda ya assasa ƙungiyar shi ne Friction, sunansa na yanka Musa Haruna. Shi ya bi unguwa yana tsince waɗanda bakinsu ya fi kaifi, har suka zama su biyar: shi, da Lazzy wato Abdul Hamid Ibrahim, wanda daga baya ya koma amsa sunan Zeal, da Promzy wato Emmanuel Ababio, da Prodigal wato Joseph Nana Ofori, sai Bone. Mai karatu ya dubi sunayen nan da kyau: Musa da Abdul Hamid a gefe guda, Emmanuel da Joseph a ɗaya gefen, a kwano ɗaya suke ci. Ita Nima ke nan, wadda masu yi mata kallon nesa ba su sani ba. Suka kira kansu Vision In Progress, ma'ana buri ne da ke kan hanya bai iso ba tukuna. Haruffan nan uku kuma su ne ake liƙa wa kujerun manyan baƙi a wurin taro, kuma ba mu zaton tsautsayi ne ya sa yaran da mai gadi ba zai bari su doshi ƙofar otal ba suka zaɓe su.

Akwai na shidansu, wato karen Friction mai suna Chicago, wanda suka lissafa a cikin 'yan ƙungiya, har ana jin gurnaninsa a waƙoƙinsu na farko. Mu a lokacin wannan ya fi komai burge mu. Iyayenmu kuwa, da jin cewa har da kare a ciki, sai suka toshe kunne ba su ƙara sauraron ko baiti ɗaya ba. Yau da furfura ta fara leƙo mana, mun fahimci kowane ɓangare.

Shekaru suka yi suna yawon wasa a bakin titi da bukukuwan unguwa, sau da yawa ba a biyan su ko kuɗin mota, kafin wani kamfani ya ɗauke su. A 1998 kundinsu na farko, Bibi Baa O, ya fito, a cikinsa kuma akwai waƙar da ta tsaya mana a rai, Rana Sallah. Malaman nahawu na Kano za su ce an yar da harafi guda, "Ranar Sallah" ya kamata a ce. Gaskiya ne, amma haka muke faɗi a nan, kuma wannan shi ne daɗin abin: Hausarmu ce ta Ankara, da ƙurarta da gishirinta, take fitowa daga rediyon trotro, Bafante da Ba'ewe suna gyaɗa kai. A da, in ka ji Hausa a iska, to labarai ne ko sanarwa daga gidan rediyon GBC, da muryar dattijo. Wannan kuwa muryar yaron maƙwabta ce. Lokacin ma ya dace, domin a tsakiyar shekarun 1990 ne, zamanin Rawlings, aka mayar da ranakun Sallah biyu hutun ƙasa. Kafin nan ɗalibi Musulmi sai ya nemi izini ko ya yi fashi. Sai ga hutu ya samu, ga kuma waƙar da za a yi yawon Sallah da ita.

Kundi na biyu, Ye De Aba, ya biyo a 2000, na uku, Lumbe Lumbe Lumbe, a 2001. Suna ya fara tafiya, aljihu bai bi shi ba. A nan ne Friction, mai ƙungiyar da kansa, ya fita domin ya yi tasa tafiyar, Bone shi ma ya bar su. Aka bar mutum uku, mutanen gari kuma suka ce shi ke nan, an sare uwar bishiya.

Sai ga 2003. Lazzy da Promzy da Prodigal suka fitar da Ahomka Womu, wato da Twi "akwai daɗi a ciki". Wanda yake da wayo a wannan shekara ba ya bukatar a ba shi labari. Kiɗan ya koma kusa da tsohon hailaif mai taushi, irin wanda tsoho zai taka ba tare da ya ji kunya ba, samarin kuma suka ɗora gambararsu a kai. Babu biki, babu suna, babu jana'izar 'yan kudu da ba a sa ta ba, ta kuma tsallaka har Legas da Abidjan. A bikin Ghana Music Awards na 2004 suka kwashe lambobi biyar, har da ta waƙar shekara da ta gwarzon mawaƙin shekara. Muna tuna daren. Ba a yi barci a babban titin Nima ba, 'yan babur suna ta kai da kawowa, mata suna guɗa daga saman bene, har dattawan da suka toshe kunne saboda kare suka fito ƙofar gida suna tambaya, "Wai yaranmu ne suka ci?" A daren nan suka zama yaranmu.

Abin da ya fi lambobin daraja a wurinmu shi ne ba su ɓoye unguwarsu ba. Kamfanin da suka kafa suka sa masa suna Boogie Down Nima, aron kirarin da ake yi wa Bronx, mahaifar wannan kiɗa. Duk dandamalin da suka hau sai sun ambaci Nima. Wani Ba'amurke mai shirya fim, Eli Jacobs-Fantauzzi, ya bi su shekara da shekaru da kyamara, ya fitar da fim mai suna HomeGrown: HipLife in Ghana a 2008, lungunanmu da kwatocinmu da masu koko da ƙosai duk suka shiga duniya. Daga wannan lokaci muka fara jin yaro ya ce "Nima" da baki cike in an tambaye shi gida. Mohammed Kudus, da ya tashi daga filayen ƙwallon unguwar nan ya kai Ajax a 2020, ya tarar da an riga an share masa wannan hanya.

Sauran tarihin mu taƙaita shi. Kundin Progress ya fito a 2007. Waƙar Away ta sake ɗaga su, suka ƙara cin kambun gwarzon shekara a 2011, tun kafin Sarkodie ya yi nasa na biyu a 2012. A 2013 Promzy ya fita. A 2014 Reggie Rockstone, wanda suka taso suna kallo a matsayin uba a wannan sana'a, ya shigo ya cike gurbin, aka ƙara harafi guda suna ya koma VVIP. Suka yi Selfie, wadda a sabon zubinta har ɗan wasan fim Idris Elba da Phyno na Najeriya suka sa baki, suka yi Skolom da Sena Dagadu, suka yi Dogo Yaro da Samini. A 2017 Wizkid ya ɗauko amon Ahomka Womu ya gina waƙarsa Manya a kai, shekara 14 bayan fitowarta. Shi kuwa Reggie daga baya ya buɗe sana'ar sayar da waakye, abincin da sunansa ma daga "wake" namu ya samo asali. Uban hiplaif guda yana sayar da shinkafa da wake, kuma bai ji kunya ba. Wannan ma mun so a ce yaronmu na bencin baya ya sani.

Sai bikin Salafest, wanda Baba Alhaji ya kira toshe hanya. Shekaru da dama suna kafa dandamali a Nima bayan Sallah, suna gayyato manyan mawaƙan ƙasar nan su yi wasa kyauta a gaban mutanen da ba za su iya sayen tikitin shiga babban zauren taro ba. Mai waakye da mai tsire da mai ruwan sanyi sun san abin da suke samu a wannan dare. Mun kuma san malamai da iyaye da yawa ba sa son abin, kuma suna da hujja: an fito daga wata guda na azumi, sai a kwana ana cakuɗa maza da mata, yara ƙanana suna yawo har asuba. Mu kanmu akwai waƙoƙinsu da hotunan bidiyonsu da ba za mu so 'yarmu ta kalla a gabanmu ba. Ba waliyyai muke ba ku labari ba.

To, wannan shi ne tarihin da muka zayyana wa uba da ɗa a ɗakin malamai, a gajarce. Ga kuma abin da muka ce da kowannensu.

Yaron muka ce ya ƙirga da yatsunsa. Biyar suka fara, biyu sun sauka kafin a kai gaci, cikinsu har da wanda ya haƙa rijiyar. Daga lokacin da suka fara yawon bakin titi zuwa daren 2004, an doshi shekara goma. A cikin shekarun nan, kusan kowane bes a Nima da Maamobi yana da tasa ƙungiyar. Mu kanmu muna da tamu, mu huɗu, har da suna mai ban tsoro, kuma akwai wani a cikinmu da har gobe muke ganin bakinsa bai gaza na kowa ba. Yau gyaran firji yake yi, yana riƙe da iyalinsa lafiya, domin ubansa ya tilasta masa koyon aiki. Wasu da suka fi shi taurin kai mun ga yadda ta ƙare musu, ba sai mun faɗa ba. VIP guda ɗaya ce ta fito. Sannan muka tambaye shi ko ya san inda Friction ya nufa bayan ya bar ƙungiya. Ƙasar Holan ya je, ya shiga makarantar koyon kiɗa a birnin Tilburg. Mutumin da ya riga ya fitar da kundi, ana jin muryarsa a rediyo, ya koma ya zauna a benci. Black Sherif ma, ɗan zangon Konongo da yaran yanzu ke mutuwar so saboda waƙoƙinsa na ƙunci da damuwa, wanda ya ci gwarzon shekara a 2023, sai da ya gama sakandare a Kumasi Academy.

Dalili kuwa a fili yake. Waƙa a baki take farawa, amma a takarda take ƙarewa. Wa ya mallaki asalin faifan, mawaƙi ko wanda ya biya kuɗin situdiyo? Kashi nawa ne na mai haɗa kiɗa, kashi nawa na manaja? Shekara nawa yarjejeniyar ta ɗaure ka? A zamanin kaset 'yan satar fasaha ne ke cinye gumin mawaƙi, a zamanin intanet kuma sai an saurari waƙarka sau dubbai kafin ka ga abin sayen katin waya. Akwai hukumar GHAMRO mai karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu daga gidajen rediyo da wuraren shaƙatawa, amma wanda bai iya cike fom ya bi sawun lissafi ba, ko sisinsa ba zai gani ba. Yaron da ya mayar da littafin lissafi littafin waƙa, ranar da aka miƙo masa takarda mai shafi goma da Turancin lauyoyi, hannu kawai zai sa.

Shi kuma dattijon muka ce, "Baba Alhaji, don Allah kaset ɗin wa ke cikin motarka shekara da shekaru?" Ya yi murmushi ya ce na Shata. Muka ce to, Alhaji Mamman Shata, Allah Ya jiƙansa, ya rasu tun 1999, har yau kana tuƙi da muryarsa, ka kuma haddace hikimominsa kana kafa hujja da su a majalisa. Ashe ba waƙar kake ƙi ba, tsoro kake kada ɗanka ya zama mai bin masu kuɗi yana miƙa hannu, ko ya faɗa shaye-shaye. Wannan tsoro ne na gaskiya, muna tare da kai a kansa. Amma yaron da aka ce masa baiwarsa abin kunya ce, ba dainawa zai yi ba, ɓoyewa zai yi, ya kai ta inda babu mai ce masa bari. Mun kuma gaya masa abin da muka gani a littafin. Babu batsa ko ɗaya. Akwai baiti a kan mahaifiyarsa da ke tashi kafin asuba ta hura wutar koko, akwai wani a kan ruwan da ke cika babbar kwata ya shigo ɗakuna da damina. Dattijon ya yi shiru, ya ce shi bai taɓa buɗe littafin ba.

Akwai kuma abin da ba mu faɗa musu ba, domin laifin namu ne, mu malamai da masu wannan shafi. Mai karatu ya sake duban sunayen kundayen VIP: Bibi Baa O, Ye De Aba, Ahomka Womu. Twi ne. Da Hausa suka shiga zukatanmu, amma da Twi suka ci kasuwa, domin nan ne masu saye suke. Ba mu ga laifinsu ba, mai talla inda jama'a take yake kai tallarsa, kuma ba su taɓa yar da Hausar gaba ɗaya ba, ga Dogo Yaro nan shaida. Sai dai abin ya nuna mana matsayin harshenmu. Ana jin sa a kowace kasuwa daga Ankara har Bawku, amma ba ya cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnati. Yaron Nima yana zana jarrabawar harshen Ga ko Twi, Hausar da yake mafarki da ita kuwa babu wanda ya taɓa nuna masa yadda ake rubuta ta, ba da boko ba, ba da ajamin kakanninsa ba. A ƙasar da Alhaji Umaru na Kete-Krachi ya bar wa tarin rubutattun waƙoƙi da Larabci da Hausa, jikokin almajiransa suna rubuta "ch" da "oo". Shekara 20 da wani abu muna alfahari da cewa VIP sun kai Hausa rediyo, mu kuma da ke riƙe da alli ba mu kai ta ko kan allon aji ba.

Ga yadda aka tashi a zaman. Yaron ya yi alkawari a gaban mahaifinsa zai zana jarrabawarsa da gaske, in kuma ya samu gurbi zai tafi babbar sakandare. Baba Alhaji ya yarda ranar Asabar bayan an tashi daga makarantar allo ya riƙa zuwa situdiyon wani ɗan unguwa, da sharaɗin yayansa zai raka shi kuma magariba a gida za ta same shi. Da zai fita ya juyo ya ce, "Ticha, ban da kare." Muka ce in Allah Ya so ban da kare.

Mu kuma mun nemi izinin shugaban makaranta, ya ba mu aji guda ranar Alhamis bayan an tashi, na minti 40, domin duk yaron da ke son koyon rubutun Hausa. A makon farko yara 9 suka zo, uku daga cikinsu ba ma Hausawa ba ne. Malamin da ke son yin irin wannan a makarantarsa yana iya aiko da wasiƙa ta hannun edita, za mu ba shi kwafen darussan da muka shirya. Littafin lissafin kuwa mun mayar wa mai shi ranar Litinin, bayan mun bi shi da jan biro mun sa wa kowane ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsa. Baitocin ba mu taɓa ko ɗaya ba. Mun dai sa ya sayi wani sabo saboda lissafi.